Hanyar da insulin ke bi kafin ya shiga jini

Ɗalibai da yawa suna haddace sassan ƙwayar halitta a jere: retikulum, Golgi, lisosom, kowanne da aikinsa a layi ɗaya. Haddar tana kai mutum ga cin jarrabawa, amma tana ɓoye masa cewa waɗannan sassa hanya ɗaya ce mai zango-zango, kuma tantani iri ɗaya ne ke kai-komo a tsakaninsu. A ƙwayar hanta, tantanin da ya kewaye ta daga waje bai wuce kashi 2 cikin 100 na dukkan tantaninta ba, retikulum kuwa ya kai rabi. Mafi sauƙin gane tsarin shi ne a ɗauki furotin guda a bi sawunsa. Mu ɗauki insulin, furotin da ke rage suga a jini, wanda ƙwayoyin beta ke ƙerawa a fankiriyas, wannan gaɓa da ke kwance bayan tumbi.

Ribosom, injin da ke ƙera furotin, shi ne ke fara saƙa shi a ruwan cikin ƙwaya, amino asid (tubalan ginin furotin) 110 a jere. Guda 24 na farko adireshi ne kawai, kamar sunan gari da lambar waya da ake rubutawa a jikin kwali idan za a ba direba saƙo a tasha. Da zarar sun leƙo daga ribosom, sai wani ƙunshin furotin da RNA mai suna SRP ya cafke su, ya rage saurin saƙar, ya ja ribosom ɗin zuwa bangon retikulum, wato ragar jakunkunan tantani da ke cikin ƙwaya. A nan akwai wata 'yar ƙofa, Sec61, wadda ake zura zaren ta cikinta yayin da saƙa ke ci gaba. Yana shiga sai wani enzayim, wato furotin mai saurin gudanar da aikin sinadarai, ya datse adireshin, ya rage amino asid 86. Günter Blobel ne ya bayyana wannan tsari na adireshi, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1999.

Abin lura a nan, wanda littattafan sakandare kan tsallake: wannan ne kaɗai lokacin da insulin zai ratsa tantani. Daga nan har ya faɗa jini, a cikin jaka ake ɗaukarsa, jaka ta manne da zango na gaba ta juye abin cikinta. Ke nan cikin retikulum da wajen ƙwaya ɓangare ɗaya suke. Shi ya sa yanayin cikin retikulum ya fi kama da na waje: kalsiyam mai yawa, da yanayin da ke barin salfa biyu su ƙulle da juna.

Ƙullin nan shi ne wurin da aiki ya fi lalacewa. Dole zaren ya naɗe daidai, a ɗaure shi da ƙullin salfa uku, kowanne tsakanin amino asid biyu masu suna sistin. Akwai furotin masu taya naɗi, irin su BiP, da ke riƙe duk wanda bai gama naɗuwa ba. Wanda ya gagara sai a mayar da shi ruwan ƙwaya a niƙe shi. To idan aka haifi jariri da canjin gado da ya ɓatar da sistin ɗaya, abokin ƙullinsa zai zauna a sake, ya riƙa kama na maƙwabta, har da lafiyayyun da ɗaya kwafin gadon ya samar, tun da kwafi biyu ake gada, na uwa da na uba. Retikulum ya cushe. Da farko ƙwaya tana rage ƙera sabon furotin ta ƙara masu taya naɗi. Idan cunkoson ya ƙi wucewa, sai ta kashe kanta. Wannan na daga cikin dalilan ciwon suga da ke bayyana a watanni shida na farkon rayuwa.

Wanda ya naɗu lafiya sai a zuba shi a 'yan jakunkuna masu rigar furotin da ake kira COPII, su nufi Golgi. Camillo Golgi ya ga wannan sashe a 1898, a jami'ar Pavia ta Italiya, kuma an daɗe ana gardamar ko tabon rini ne kawai, sai da madubin lantarki ya zo a shekarun 1950 aka daina musu. Golgi faya-fayan jakunkuna ne a jere, kaya na shiga ta fuska ɗaya su fita ta ɗayar. Furotin ma'aikatan retikulum da suka biyo kaya bisa kuskure suna da alamar amino asid huɗu a wutsiya, KDEL, da ita ake gane su a mayar da su gida cikin jakar COPI.

A bakin fita daga Golgi ake tattara insulin cikin jakar ajiya, kuma a nan ne ake ƙarasa shi. Famfon da ke jikin jakar yana tura asid ciki har ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka zuwa wajen 5.5. Tsamin nan ne ke tayar da enzayim masu yanka, su cire tsakiyar zaren. Abin da ya rage sarƙa biyu ne, ɗaya mai amino asid 21, ɗaya mai 30, ƙullin salfa na riƙe da su. Sai su dunƙule shida-shida kewaye da zink biyu, su daskare kamar ƙanƙara. Guntun da aka cire, mai amino asid 31, shi ne C-peptide, kuma yana zama a jakar, ya fita tare da insulin ɗaya-da-ɗaya. Likitoci na cin moriyar wannan: insulin na allura ba shi da C-peptide, don haka auna shi a jini na nuna ko fankiriyas ɗin majiyyaci na aiki har yanzu. Ya ma fi insulin daɗin aunawa, domin hanta na kwashe kusan rabin insulin tun a zagayen farko.

Jakar ta fi buɗewa idan an ci abinci. Gulukos, wato sugan jini, ya shiga ƙwaya, a ƙona shi, sinadarin makamashi ATP ya ƙaru, ƙofofin fotasiyam su rufe, cajin tantani ya sauya, kalsiyam ya kwararo ciki. Kalsiyam ɗin ne ke sa furotin SNARE na jikin jaka da na tantanin waje su murɗe da juna har tantanin biyu su zama ɗaya. Maganin glibenclamide da ake ba masu ciwon suga ƙofofin fotasiyam ɗin nan yake rufewa kai tsaye, ko da suga ko babu, shi ya sa wanda ya sha bai ci abinci ba sugansa kan faɗi warwas. Mitokondiriya da ke samar da ATP ɗin, a lura, ba ta cikin wannan tsari. Ba ta karɓar kaya daga Golgi.

Akwai wani reshe daga Golgi da ke zuwa lisosom, jakar narke shara mai pH wajen 4.5 zuwa 5, wadda Christian de Duve ya gano a 1955. Enzayim ɗinta ma ta retikulum suke biyowa, amma a Golgi ake liƙa masu fosfet a kan sukarin mannos, alamar da ke karkatar da su daga hanyar fita. A cutar gado da ake kira mukolipidosis ta biyu, enzayim ɗin da ke liƙa alamar ne ya lalace. Masu narke sharar lafiyarsu ƙalau, amma da yake ba su da alama sai a fitar da su waje, lisosom ya cika da abin da bai narke ba. Yaran kan zo da sandarewar gaɓoɓi da tsayawar girma, kuma idan aka gwada jininsu sai a tarar enzayim ɗin lisosom sun ninka na mai lafiya sau da yawa.