Abin da cikin tunkiya ya koya mini

Har na shiga aji huɗu a sashen kimiyyar dabbobi na Jami'ar Bayero, a matsayin rariya na ɗauki mabiyiya: abinci ya taho a jinin uwa, ya tsiyaye, ɗan tayi ya samu. Karatun da muka yi kan tumaki masu ciki ne ya sauya mini tunani.

A Jami'ar Kolorado ta Amurka, Frederick Battaglia da Giacomo Meschia sun shafe shekaru suna sa siraran bututai a jijiyoyin ɗan tayin tunkiya yana cikin mahaifa da ransa, suna ɗibar jininsa suna aunawa. Yawancin amino asid, wato tubalan da jiki ke gina furotin da su, sun fi yawa a jinin ɗan tayi a kan na uwa. Ke nan mabiyiya tura su take yi da ƙarfi, kuma ita ma tana cin nata rabon na sukari da iskar oksijin.

Inda na fi daɗewa ina juyawa a raina shi ne cinikin da ke tsakanin mabiyiya da hantar ɗan tayi. Ta miƙa masa wani amino asid mai suna gulutamin, hantar ta mayar da wani kaso ya zama wani amino asid ɗin mai suna gulutamet ta dawo mata da shi, ita kuma ta ƙona shi ta samu kuzari. Halittar da ba ta ga hasken rana ba, ga shi har tana ciyar da mai ciyar da ita. Ikon Allah! Sannan ɗan tayin na karɓar amino asid fiye da abin da ginin jikinsa ke buƙata, ya ƙona ragowar, kuma ƙonawar na ƙaruwa idan uwa na cikin yunwa.

Ranar na koma gida Gwammaja na tsaya kan 'Yankasa biyu, wato tumakin Umma masu ciki. Wata biyar tunkiya ke ɗaukar ciki, kuma mafi yawan girman ɗan a makonni shida na ƙarshe yake. Tsananin zafi ma yana hana mabiyiya girma, ga mu a Afrilu, turkensu a tsakar rana.

Na ce, "Umma, a ƙara musu harawa da dusa, mu mai da turken gindin darbejiya."

Ta ce, "Harawar da ta yi tsada, kai za ka saya?"

Da kuɗin motata na mako na sayo dami biyu.