Sanyi nake sayarwa a Samaru

Shagona yana Samaru, bakin titin Sakkwato, kuma duk wanda ya tambaye ni abin da nake sayarwa sai in ce masa sanyi. Ruwan naitirojin ne, wato iskar naitirojin da aka sanyaya har ta zama ruwa, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifili. Ina gyaran rigileta da bawul ɗin silinda, amma da ruwan nan nake ci da iyali. Likitocin dabbobi masu ajiye maniyyin bijimai, yawanci daga wajen Shika, su ne manyan kwastomomina, sai masu ɗakin gwaje-gwaje.

Haja ce mai gudu. Ko ban sayar ba, kullum tana raguwa, domin dole a bar tulun yana numfashi. Ka toshe bakinsa, ya fashe. Ba na kuma yarda a ɗauke shi a mota gilashi a rufe. Iskar da ke fita daga tulun ba ta da wari, sai dai ta kore wadda kake shaƙa, ka sulale ba ka sani ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa sanyi tsayar da komai yake yi, ai shi ya sa ake sayensa. Wani ɗalibin kemistiri ne ya ƙaryata ni, yana jira ina ɗura masa lita biyu.

"Alhaji, ba kowane abu sanyi ke sa wa nawa ba," in ji shi.

Ya ba ni labarin Taitan, babban watan duniyar Zuhal, inda na'urar Huygens ta sauka ranar 14 ga Janairu, 2005. Sanyin ƙasarsa kusan digiri 179 ƙasa da sifili, kaɗan ya rage ya kamo tuluna. Iskarsa galibi naitirojin ce da 'yar mitan, irin wadda ke tashi daga kashin shanu. Hasken rana yana farfasa su, gutsattsarin su sake haɗuwa su zama hazo ruwan lemo da ya lulluɓe watan, kamar hunturunmu amma ba ya yayewa. Mai son fahimtar hazon sai ya san saurin kowace haɗuwa a cikin wannan sanyi, kuma awon da aka yi da zafin ɗaki ba ya isa. Wasu, kamar haɗuwar CN (wani gutsure mai kabon ɗaya da naitirojin ɗaya) da asitilin ɗin masu walda, ba sa rage sauri a cikin sanyi. Wasu ma ƙaruwa suke yi. Wai in babu shinge tsakanin ƙwayoyin, tafiyar hawainiya ce ke ba su damar jawo juna. Na ce ai haka kasuwar Samaru take, mai sauri ba ya tsayawa gaisuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne awon. In ka sanyaya iska a cikin gwangwani, manne wa bango take yi, kamar farin ƙanƙarar da ke kama wuyan tuluna. Sai masana a Faransa, a shekarun 1980, suka koma hura ta ta wani bututu mai siririn wuya, ta fito da gudun da ya fi na sauti, ta huce nan take ba ta taɓa bango ba, a auna. Daga baya aka riƙa haska mata hasken lesa wajen awon. A birnin Ren na Faransa sun kai wajen digiri 260 ƙasa da sifili. Wannan kam na gane shi da hannuna: buɗe silindar iskar kashe gobara da ƙarfi ka taɓa bakinta ka ji.

Kafin mu gama hira, ruwan da ke cikin mazubinsa ya ragu. Dole na ƙara masa, kuma ban caje shi ba.