Yadda na zaɓi takalmin sassarfa a wajen 'yan gwanjo

Ni ba ɗan tsere ba ne. Sassarfa kawai nake yi bayan sallar asuba a wajen filin sukuwa na Nasarawa a Kano, in koma gida kafin rana ta ɗaga. Likita ne ya ce in rage tumbi, don hawan jini ya fara leƙo ni. Da kambas ɗin da nake yawo da shi na fara, irin mai shimfiɗaɗɗen ƙasan nan mai tauri. Ba a jima ba ƙwaurina ya fara zogi, dunduniya kuma ba ta takuwa in na sauko daga gado. Wani dattijo tsohon soja da muke haɗuwa a wurin ya dubi ƙafata ya ce, "Ƙanena, wannan na zuwa ɗaurin aure ne. Nemi na gudu."

Da na shiga intanet neman shawara sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Ko'ina maganar takalman Vaporfly da Alphafly na kamfanin Nike ake yi, masu farantin kabon a cikin soson ƙasansu. Da irinsu Eliud Kipchoge na Kenya ya gama kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a 2019, har a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40. Vaporfly ya fito kasuwa a kan dala 250. An ƙera su ne don ɗan tsere mai neman rage daƙiƙoƙi, kuma ba su da ƙarko. Mai tafiya a sannu yana dira da dunduniya kamar ni, rangaji ma za su sa shi. Na tuna Abebe Bikila na Habasha ya ci zinare a tseren dogon zango na gasar Olympics a Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokyo a 1964 sanye da takalmi. Sai na rufe wayar na nufi kasuwar Ƙofar Wambai.

Bayan la'asar na je, da gangan. Ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni a kanta, haka kuma take yi in ana gudu, don haka takalmin da ya zauna cif da safe zai matse ka a kilomita na uku. Na tafi da safar da zan riƙa gudu da ita. Lamba 43 nake sawa, amma 44 ce ta yi mini, saboda ana so a bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi. In babu wannan filin, farce ne zai yi ta dukan gaba har ya yi baƙi ya cire. Lambar kanta ba abin dogaro ba ce, 44 na wannan kamfani daban da na wancan. A gwada ƙafa biyun kuma, a tsaye, don yawancin mutane ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma. Mu da muka tashi da silifa ƙafarmu tana da faɗi a gaba, kuma takalma da yawa tsukakku ne a nan. Na ajiye wani mai kyau ƙwarai saboda yana danne mini ɗan ƙaramin yatsa. Mai kayan ya ce, "Alhaji, ai zai saki." Fata ce ke saki. Wannan raga ce da roba, yadda ka saya haka za ta zauna.

Inda aikin yake a gwanjo shi ne gane ko soson yana da sauran rai. Saman takalmi zai iya yin fes bayan an wanke an goge, alhali wani ya riga ya cinye shi a titunan Turai. Soson da ke tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa kamar katifa yake: in ta kwanta ta kwanta, ko an sauya mata riga. Yawanci ana ƙiyasta rayuwarsa tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Na riƙa danna shi da yatsa in ga ko zai dawo, ina duba gefensa ko ya yi tamoji masu zurfi. Na ɗora takalmin a kan benci na leƙa shi ta baya. Wanda ya karkace gefe guda ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, kuma zai tilasta wa ƙafarka ita. Na zaro shimfiɗar ciki na duba ko gurbin dunduniya ya lotsa. Na lanƙwasa shi: a daidai gindin yatsu ya kamata ya karye, wanda ya naɗe a tsakiya na mayar. Sabon jabu kuwa, wanda ya cika shaguna da sunayen manyan kamfanoni, warin gam da nauyi ne ke tona shi, kuma ƙasansa roba ce zalla da aka yi wa fentin soso. Ni dai na fi yarda da gwanjo na asali mai sauran ƙarfi a kan sabon da ban san asalinsa ba.

Akwai kuma tazarar tsayin dunduniya a kan na gaban ƙafa, wadda a takalman gudu na yau da kullum takan kai milimita 8 zuwa 12. Wanda ya saba da wannan ya koma mai shafaffen ƙasa farat ɗaya, sharaɓa da agara za su gaya masa. Na tsaya a matsakaici.

A ƙarshe biyu suka rage, na roƙi mai kayan ya bar ni in ɗan yi sassarfa a layin. Yara suna ta dariya, wani mai baro ya tsaya kallo. Ɗaya ya fi kyau da suna, amma dunduniyata tana zamewa a ciki. Ɗayan ruwan toka ne marar kwalliya, na sa na manta yana ƙafata. Shi na biya, bayan mun sha ciniki.

Zogin ƙwaurin bai tafi a rana ɗaya ba, kuma ba zan ba takalmin ladan duka ba, don a lokacin ne na rage nisa na koma bin gefen ƙasa maimakon kwalta. Safar auduga ma na daina, tana riƙe gumi ta jawo bororo. Da hunturu ƙura tana shiga ragar, sai in kakkaɓe in goge da tsumma mai ɗanshi. In ruwan damina ya jiƙa shi, nakan cusa masa tsohuwar jarida in bar shi a inuwa, domin ranar Kano tana sakin gam. Ba na zuwa kasuwa ko ofis da shi. Mai yin kilomita 15 a mako, sabo zai kai shi wata takwas zuwa shekara, gwanjo kuwa ƙasa da haka.

Da ƙasan nawa ya fara ɓamɓarewa na kai wa mai gyaran takalmi na bakin layinmu, ya ɗinke shi tsaf. Ɗinkin ya riƙe, amma gwiwata ta fara ƙorafi a nisan da a da ba ta yi, alamar soson ya gama. Yanzu da shi nake zuwa gona, na gudun kuma na sayo wani irinsa sak, lamba 44.