Alhamis, ranar kasuwar Maigatari: hula, ƙaho da lalle

Tun hantsi har azahar ana cikin kara, wato kasuwar dabbobi, ana ɗaukar hoto cikin ƙura. Bayan la'asar aka zauna gaban kwamfuta, kuma hotuna uku suka cinye yammacin, duk a kan magana ɗaya: daga ina za a yanke.

Na farko na wani dillali ne riƙe da igiyar farin bijimi. Yadda aka ɗauko shi, komai na ciki: tirela biyu a baya, turaku, mai fura da ƙwaryarta, wani yaro yana leƙe. Ido ya shiga ya rasa inda zai sauka. Da aka matse shi, wato aka yanke gefe-gefen hoton, aka bar fuska da hannun da ke riƙe da igiya da ƙaho guda da ya kutso ta gefe, sai ga abin da a da ba a lura da shi ba: ƙura a kan gira, jijiyoyin bayan hannu, jan goro a haƙora. Amma kasuwar ta tafi. Wanda bai je ba zai iya rantsewa a ƙofar gida aka ɗauka. Shi kuwa dillali so yake a san a kara yake, cikin manyan kaya. Don haka aka fitar da guda biyu, matsatse da sakakke, ya zaɓa.

Yaron shago ya ce, "Oga, ai da tun farko an matso kusa da shi, da ba sai an yanke ba." Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Babban idon kyamarar waya mai faɗi ne, yawanci daidai da milimita 26 ko kusa da haka a ma'aunin idon kyamara. In ka kawo shi ƙasa da rabin mita daga fuska, hanci ya kumbura, kunnuwa su ja baya, mutum ya ƙi hotonsa bai san dalili ba. A ja baya kamar mita biyu, a ɗauka da sarari, a matse daga baya. Nisan tsayuwa ne ke gyara siffar fuska, yanka ba ya taɓa ta.

Wurin yanka ma da ƙa'ida. Kada layi ya faɗa a kan gaɓa: wuya, gwiwar hannu, wuyan hannu, gwiwa, idon sawu. In ya faɗa nan sai mutum ya fito kamar mai dungu. A yanke a tsakiyar damtse, ko tsakiyar cinya, ko ƙasan ƙirji. Idanu su zauna a wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama. In yana kallon dama, a bar masa fili ta dama, in ba haka ba sai ya zama kamar an jingina fuskarsa da bango. Kuma in za a yanke, a yanke da gaske. Cire ɗan bakin kunne ko kan yatsu kuskure yake nunawa, cire rabin kafaɗa kuwa kowa ya san da niyya aka yi.

Na biyu hoton mai gari ne, kuma a nan ne na saɓa da abin da ake gani a mujallun Turawa, inda suke datse goshi don ido ya yi ƙarfi. Yaron ya gwada haka, ya yanke rabin rawani. Idon ya yi ƙarfi kam, har da kwarjini, amma wa zai kai wa basarake hotonsa babu saman rawani ya ce "Ranka ya daɗe, ga shi"? A wurinmu hula da rawani da ɗaurin ɗankwali jikin mutum ne. Ko kube ce ko zanna, mai ita ya zaɓe ta, ya kafa ta yadda yake so kafin ya tsaya. A matse ta ƙasa da gefe yadda aka ga dama, saman dai a bar shi, da ɗan sarari kamar faɗin yatsa biyu a kan kati.

Inda matsewa ke biya sosai shi ne hannun amarya. An cire fuska gaba ɗaya, an bar tafuka biyu da zanen lalle da awarwaro a kan leshi. Wannan ko gardama ba a yi ba.

Sai lissafi, wanda shi ne ke hana yanka son rai. Waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi. Ka ɗauki rabin tsawo da rabin faɗi, abin da ya rage 2000 da 1500 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba. Wankin hoto mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Kati mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1200 da 1800, ya wadatu. Na 5 da 7 yana son 1500 da 2100, da ƙyar. Na 8 da 10 yana son 2400 da 3000, nan hoto zai fara laushi, gashin gemu ya haɗe.

Abin da ya sami na uku ke nan. Wani bawan Allah ya kawo hoton taron suna da aka turo masa ta WhatsApp, yana son a ciro fuskar mahaifinsa marigayi a yi babba na bango. WhatsApp ya riga ya rage shi zuwa wajen 1600 a dogon gefe, fuskar kuma ba ta wuce 400 da 500 ba a ciki. Wannan daidai fasfo ne mai milimita 35 da 45, in aka ja shi zuwa 8 da 10 fashewa zai yi. Na ce, "Baba, a nemo wanda ya ɗauka, ya turo na asali a matsayin fayil, kada ya bi ta hanyar hoto." In bai samu ba, za a bar marigayin tare da mutum biyun da ke gefensa a yi 5 da 7.

Wani abin da ake mantawa: kati ma yana yanka nasa. Hoton waya 4 bisa 3 ne. In a tsaye yake aka wanke shi 4 da 6, kusan kashi ɗaya cikin tara na faɗinsa zai tafi, hannun babbar riga ne ke shan wuƙa. A 8 da 10 kuwa tsawon ne ke raguwa, sai hula ta shiga haɗari. Bakin firam ya ƙara rufe 'yan milimita kowane gefe. Shi ya sa na mai gari aka sake buɗa shi kaɗan kafin a sa a filas na kwamfuta, gobe da safe mai mota zai wuce da shi Gumel wajen wanki.