Inda na kai a koyon taswirar waya

Assalamu alaikum 'yan uwana dattawa, na nan Garwa da na Marwa da Ngaundere, har da waɗanda ke ƙetaren gada a Injamena. Ga inda na kai a karatunmu na taswirar waya tun bayan faɗuwar damina, ko wani zai tsinci abin da zai amfane shi.

Yawancinmu da taswirar Michelin muka saba, wadda ta haɗa arewa da yammacin Afirka, mai lamba 953, da daga baya aka mayar da ita 741. A cikinta santimita 1 kilomita 40 ce a ƙasa, shi ya sa tsakanin Garwa da Marwa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ka shimfiɗa ta a kan tabarma ƙasar duka na gabanka, ga kogin Binuwai, ga tafkin Cadi can sama, kai ne za ka nemo inda kake. Waya kuwa akasin haka take yi. Tana nuna maka kanka da shuɗin ɗigo, ƙasar kuma sai ɗan abin da gilashin ya ɗauka. A ganina wannan shi ne ainihin abin da ke wahalar da mu, ya fi batun latse-latse. Mun saba mu ga duk tafiyar kafin mu taka, yanzu an ce mu bi murya kwana bayan kwana.

Abu na farko da ya kwantar mini da hankali shi ne tsayar da arewa a sama. Idan ka fara tafiya a Google Maps, taswirar na juyawa duk inda mota ta juya, sai ka ga Pitoa da ka san tana gabas da Garwa ta koma wani gefe. Akwai ɗan da'ira mai allura ja a gefen gilashi. Taɓa ta, taswirar za ta daidaita, arewa sama, gabas dama, yadda takarda take. Mu da muke neman alƙibla sau biyar a rana ba ma rasa gabas, don haka da zarar taswirar ta daina juyi, sai abin da ke kai da abin da ke hannu su yi daidai. Jikata Hadiza ce ta nuna mini. Ta ce, "Kaka, ai mu ba ma damuwa da juyin." Na ce mata ku ba ku yi shekara da shekaru kuna karanta takarda ba, kowa da yadda idonsa ya saba.

Na biyu, kafin na tashi nakan matse yatsu biyu a kan gilashi har taswirar ta ja baya, in ga hanyar daga farko zuwa ƙarshe. Sai in karanta garuruwan a jere kamar yadda nake yi a takarda: Pitoa, Figuil, mararrabar Magada inda hanyar Kaélé da Yagoua ta rabu, Salak wurin filin jirgi, sannan Marwa. Ina rubuta su a ƙaramar takarda in sa a aljihu. Sunayen da rubutun Faransanci ake nemansu, Garoua, Maroua, Ngaoundéré, Kousseri, kuma wanda ya saba da taswirar Michelin ba zai sha wuya a nan ba.

Inda na fi daɗewa shi ne gane cewa sanin inda kake ba ya buƙatar data ko sabis. Taurarin ɗan Adam na Amurka da ake kira GPS suna shawagi a nisan kilomita wajen 20,200, an tsara su kada su gaza 24, kuma waya sauraron saƙonsu kawai take yi, ba ta aika musu komai. In ta ji guda 4 ta lissafa inda take. Turai na da nasu mai suna Galileo, Rasha GLONASS, Sin BeiDou, wayoyin yanzu da yawa na jin fiye da ɗaya. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar kansa, hanyoyi da sunaye. Shi kuma ana iya sauke shi tun a gida. A Google Maps ka taɓa hotonka a kusurwar sama, a wayar da ke Faransanci za ka ga Plans hors connexion, ka ja akwatin ya rufe yankin da za ka bi, ka sauke. Akwai kuma Organic Maps da OsmAnd, waɗanda ke aiki da taswirar OpenStreetMap, aikin 'yan sa-kai da aka fara a 2004, su ma ana sauke yanki ne tun kafin tafiya.

Ku gwada wannan da kanku. Na zauna kujerar taga a motar zuwa Ngaundere, na sa waya a yanayin jirgin sama, wato na yanke sabis gaba ɗaya. Ɗigon bai tsaya ba. Da muka hau gadar Binuwai ya hau shuɗin layin kogin, ya sauka ɗaya gefen tare da mu. Da muka wuce Mbé muka fara hawan tudun Adamawa, direba na sauya giya, ina ganin kowace kwana a gilashi kafin mota ta shige ta. Wani Alhaji da ke kusa da ni ya leƙo ya ce, "Malam, ba ka kashe ta ba?" Na miƙa masa, ya riƙe har muka gama hawa.

Amma akwai iyakar da na ja mata. Waya ta san inda kake, ba ta san halin hanya ba. Ba ta san mayo, wato rafi, ya kawo ruwa daren jiya ya shafe mashigi ba, kuma hanyar ƙasa da take nunawa a matsayin yanke tana iya zama ta rani kaɗai. Lokacin isa da take bayarwa ma ba ya lissafa ramuka da shingen jandarma da tsayawar salla. Wanda zai bi ta Mora zuwa Kusiri kuwa, batun tsaron hanya a bakin direbobin tasha zai ji shi, kada ya tashi sai ya tambaya. Don haka idan na bar kwalta, nakan tsaya in yi sallama in tambayi mutanen gari, sannan in duba ko abin da suka faɗa ya yi daidai da gilashi. In sun saɓa, mutanen gari nake bi.

Sai batir. GPS da hasken gilashi na shanye caji da sauri, zafin bazara a Garwa kuma kan sa waya ta ɗumame in an bar ta a gaban mota cikin rana. Ina tafiya da igiyar caji ta mota, ina kashe gilashin in hanya ta miƙe. Mai raunin ido ya ƙara girman rubutu a saitin waya. Mai tuƙi da kansa kuma kada ya riƙe ta a hannu, ya ba na gefensa ya karanta masa.

Yanzu abin da nake kai shi ne adana wurare. A unguwanninmu da kwatance ake samun gida, bayan masallaci, kusa da injin niƙa, waya kuwa ba ta jin wannan. Idan ka danna wuri a taswira ka riƙe, jan tsinke zai fito tare da lambobi biyu. Na Garwa suna farawa da 9 da 13, na Marwa da 10 da 14. Na adana gidana da na ƙanwata a Marwa. Saura in iya aika wurin da nake ta WhatsApp ba tare da Hadiza na tsaye a kaina ba, kuma Hajiyoyi da Alhazan da suka riga ni iya wannan, ina jiran ku nuna mini ranar Juma'a bayan an sauko.