Lissafin jirgin ƙasa: kada ku manta da tsawon jirgin

Ƙannena masu shirin JAMB da jarrabawar ɗaukar aiki, tambayar jirgin ƙasa ta sha kayar da ni, alhali na haddace cewa nisa shi ne gudu sau lokaci. Kuskurena shi ne mantawa da cewa jirgi dogon abu ne.

Wanda ya taɓa tsayawa a tashar Rigasa da ke Kaduna ya san ba a cewa jirgi ya wuce sai taragon ƙarshe ya gifta. Don haka idan falwaya ko mutum a tsaye zai wuce, nisan da ya ci tsawonsa ne kawai. Idan gada ce ko dandamalin tasha, sai ku haɗa tsawon jirgin da nata. A ce jirgi mai mita 150 yana gudun kilomita 72 a awa, zai ƙetare gada mai mita 250. Nisan mita 400 ne, ba 250 ba. Amma kada ku raba 400 da 72, nan ma na sha ƙonewa: ɗaya mita ne, ɗaya kilomita. Ku ninka 72 sau 5, ku raba da 18, ku sami mita 20 a sakan. Sai ku raba 400 da 20, amsa sakan 20. Wanda ya manta tsawon jirgi zai sami 12.5, kuma sau da yawa zai tarar da ita cikin zaɓin amsoshi tana jiransa, har ya ɗauka ya ci.

Jirage biyu kuwa, in sun fuskanci juna a tara gudunsu, in hanya ɗaya suka dosa a ɗebe ƙarami daga babba. Tsawonsu dai tarawa ake yi ko ta yaya.

Sai matsakaicin gudu, wanda ya fi ba ni takaici. Daga Rigasa zuwa tashar Idu da ke Abuja kimanin kilomita 186 ne. Mu mai da shi 180 don sauƙi. Jirgi ya tafi da gudun 60, ya dawo da 90. Hannu zai yi saurin rubuta 75. Ba haka ba ne. Zuwa awa 3, dawowa awa 2, kilomita 360 ke nan cikin awa 5, wato 72. Ya fi daɗewa a kan gudun 60, shi ya sa amsar ta karkata can.

Idan jirage biyu suka taso daga tashoshi biyu suna fuskantar juna, aka ce ɗaya ya riga tashi da minti 30, ku rubuta rabin awa, 0.5, ba 0.30 ba. Ku fara cire tafiyar da ya yi shi kaɗai daga nisan, sannan ku raba ragowar da jimillar gudunsu, ku sami lokacin da za su haɗu bayan tashin na biyun.