Abin da likitan bai faɗa da baki ba

Yau na miƙa kwamfutar ofis bayan shekara uku ina mayar da bidiyo rubutu, kuma abu ɗaya ne ya ƙi barin raina: maƙalar da na rubuta daga bidiyon wani likita.

Bidiyon minti 12 ne a YouTube, da Turanci, kan zazzaɓin yara. A lokacin shugabar sashenmu ta ɗora wa kowa bidiyo shida a rana. Ta ce kallo ɓata lokaci ne, a kwaso rubutun da na'ura ke fitarwa a ƙasan bidiyo a gyara kawai. Na bi. A minti na huɗu likitan ya ce a ba yaro asfirin idan jikinsa ya yi zafi, ni ma haka na rubuta. Ashe yana faɗa yana girgiza kai, ga jan layi an ja a kan kalmar a allon bayansa. Kurakuran iyaye yake lissafawa, domin asfirin na iya jawo wa yaro mai mura ko ƙarambau cutar Reye, wadda ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Kwana biyu maƙalar ta yi a shafinmu na intanet kafin wata ma'aikaciyar jinya ta rubuto mana.

A taron safe shugabar ta karanta jimlar a gaban kowa, ta ɗago ta ce, "Malam, wai kai ba ka kallon abin da kake rubutawa ne?" Ban ce uffan ba. Laifina ne, sunana ne a kai, kuma har yau gabana na faɗuwa idan na tuna wata uwa na iya karantawa ta yarda. Amma umarnin nata ne, kuma har na bar wurin ba ta taɓa ambatarsa ba.

Tun daga ranar nake kallon bidiyo daga farko har ƙarshe kafin in rubuta harafi ɗaya. Duk inda mai magana ya ce "wannan" ko "nan", sai na ga abin da yatsansa ke nunawa. Tun 2009 YouTube ke fitar da rubutun nan na na'ura, amma 15 da 50 a Turanci sautinsu kusan ɗaya ne, don haka kowace lamba da kunnena nake tabbatarwa.

Na koma bidiyo uku a rana. Duk ƙarshen wata sai an yi mini gorin jinkiri, amma ba a sake sauke maƙalata ba.